Ɗan haya, rubuta adadin kontar tun ranar da ka shiga gida

Ku jawo kaye da bik kusa, don darasinmu na yau akwai lissafi a ciki.

Maganarmu ta yau a kan masu zaman haya ce. Da yawa cikinku kun baro ƙauye kun zo birni neman abinci. Kun kama ɗaki ko gida. A gidan akwai wutar lantarki, wadda muke ce ma kuran. Wani gidan har da famfo. In wata ya yi, sai takardar biya ta zo, wadda ake ce ma faktir. Nan rigima take tashi. Mai gida ya ce kuɗin kaza ne. Ɗan haya ya ce shi bai sha wutar kaza ba. Wannan ya rantse, wancan ya rantse. Daga ƙarshe mai ƙarfi shi ke da gaskiya, kuma kun san ba ɗan haya ne mai ƙarfi ba. Sai mutum ya biya bashin da bai ci ba. In ya ƙi, a yanke wuta cikin zafin watan Afrilu, yara su kwana suna kuka. Wani ma har a ce ya kwashe kayanshi.

Alhali kuwa akwai mai shaida a gidan. Yana nan manne ga bango, ko cikin rami kusa da ƙofar gida. Shi ne kontar. Maƙwabtanmu na Najeriya suna ce mishi mita. Ba ya barci, ba ya son kai, bai san mai gida ba, bai san ɗan haya ba. Amma shaidarshi ba ta da amfani sai ga wanda ya karanta ta, ya rubuta ta.

Kontar ba ya komawa baya

Ga abu na farko da nake so ku riƙe. Kontar ƙirga yake yi, kuma gaba yake yi kullum. In wani ɗan haya ya tashi, wani ya shigo, kontar ba ya komawa sifiri. Yana ci gaba daga inda wancan ya tsaya. Saboda haka adadin da ka gani a fuskar kontar ba naka ba ne. Aikin dukan waɗanda sunka zauna gidan ne, tun ranar da anka kafa shi. Naka shi ne bambancin da ke tsakanin adadi biyu: na ranar da ka fara, da na ranar da ake lissafi.

Ku manoma ne, ko ƴaƴan manoma. Kun san iyakar gona. In mutum ya ari gona, tun ranar farko ake zagawa da shi a nuna mishi: daga itacen nan zuwa gamban can. In ba a nuna ba, ranar girbi ake faɗa. To, adadin kontar na ranar da ka shiga gida shi ne iyakarka. Abin da ke bayanshi na wani ne. Abin da ke gabanshi naka ne. Tun ran gini ran zane.

Kamfanin wutar lantarki na ƙasarmu shi ne NIGELEC, an kafa shi a 1968. Kamfanin da ke sayar da ruwan famfo a birane yanzu shi ne NDE, wanda ya gaji SEEN, ita kuwa SEEN ta kama aikin a 2001. Kamfanonin nan ba su san ranar da ka shiga gida ba. Suna da suna guda a littafinsu, sunan wanda ya yi rajistar kontar, galibi mai gida. In ba a biya ba, gidan suke yanke ma wuta ko ruwa. Ba su tambayar wa ya sha. Raba bashi tsakanin tsohon ɗan haya da sabo ba aikinsu ba ne. Aikinka ne, kai da mai gida.

Yadda ake karanta shi

Mu fara da na wuta. A fuskarshi akwai ƴar taga. A cikinta akwai lambobi a jere. Kusa da su za ka ga haruffa uku: kWh. Wannan shi ne ma'aunin wuta, kamar yadda tiya take ma'aunin hatsi. Mutane suna ce mishi kilowat a taƙaice. Dutsen guga mai ƙarfin wat 1000, in ya yi awa guda yana aiki, ya ci kilowat 1.

Karanta lambobin daga hagu zuwa dama, kamar yadda kake karanta boko. Rubuta su duka, har da sifirin da ke farko. In ka ga 04718, rubuta 04718. Sau da yawa lambar ƙarshe ta dama tana cikin jan gida, ko kuma akwai waƙafi kafin ta. Wannan ɓangare ne na kilowat, bai cika guda ba. Ba a sa shi cikin lissafin faktir. In wata lamba ta tsaya rabi da rabi, 4 tana fita 5 tana shigowa, ɗauki 4, don 5 ba ta iso ba tukuna.

Sababbin kontar suna da gilashi irin na salula. Lambobinsu suna canzawa da kansu, su nuna wannan, su nuna wancan. Kada ka yi gaggawa. Tsaya har ka ga adadin da ke tare da kWh, sa'an nan ka rubuta.

Akwai wata lamba dabam da ke buge a jikin kontar, wadda ba ta motsi. Wannan sunanshi ne, kamar lambar da ke bayan mota. Rubuta ta sau guda a shafin farko na kayenka. Amfaninta babba ne. A gidan da kontar uku ko huɗu ke jere a bango guda, da ita za ka gane ko faktir ɗin da anka miƙo maka na kontar ɗinka ne ko na maƙwabci.

Na ruwa kuma yana da baƙaƙen lambobi da jajaye. Baƙaƙen suna ƙirga metir kib, wanda ake rubutawa m3. Metir kib 1 lita 1000 ne. Tano 5 ke nan, irin mai cin lita 200. Ko kuma bido 40, irin mai cin lita 25. Jajayen suna ƙirga abin da bai cika metir kib ba. In uku ne a jere, lita suke nunawa. In ka ga baƙi 0352 da ja 647, ruwan da ya ratsa kontar ɗin metir kib 352 ne da lita 647. Baƙaƙen ne ake kai wa faktir. Amma kada ka raina jajayen, za mu komo kansu.

Wata ƴar gargaɗi kafin mu wuce. Ramin kontar ɗin ruwa wuri ne mai sanyi da duhu, kunama tana son shi. Ɗaga murfin da sanda, haska da tocila, sa'an nan ka sa hannu. Na wuta kuma da ido ake karanta shi. Ba a taɓa waya, balle da jiƙaƙƙen hannu.

Ku kula da rubutun lambobi. Wasunku har yanzu suna rikita 6 da 9. Wasu in sun rubuta 1 sai ta yi kama da 7. Ku sa ma 7 ɗamararta a tsakiya, kamar yadda ake koya muku a cibiya. Wanda hannunshi ya fi sabawa da ajami, ya rubuta bayaninshi da ajami, babu laifi. Amma lambobin ya kwafe su yadda suke a kontar, don kowa ya iya gwada su da faktir.

Ranar shiga gida

Wannan ita ce rana mai muhimmanci. Kafin ka shimfiɗa tabarma, kafin ka kunna ko ƙwai guda na lantarki, nemi mai gida ko wakilinshi ku tsaya gaban kontar tare.

Na san abin da ke ran wasunku. Kunya. Mai gida dattijo ne, ya yi sa'ar mahaifinka, wataƙila ma wani ɗan garinku ne ya haɗa ku. Kana jin in ka fiddo kaye zai ce ka ɗauke shi macuci. To, magana iya faɗi ce. Ka gaishe shi, ka ce: “Baba Alhaji, ina so mu duba kontar tare, mu rubuta abin da ya nuna yau. Ni mutum ne mai mantuwa, kada wata rana in rage maka haƙƙinka.” In mace ce ka ce: “Hajiya, a taimake ni da yaro guda mai karatu, mu rubuta lambar nan, ke ki riƙe takarda guda, ni in riƙe guda.” Mai gida na kirki zai ji daɗi, don takardar tana tsare shi kamar yadda take tsare ka. Wanda kuwa ya ɓata rai don an ce a rubuta lamba, to, ka san irin gidan da kake shiga tun kayanka suna bisa amalanke.

Abin da za a rubuta kaɗan ne. Ga misali:

Ranar 3 ga Maris. Kontar ɗin wuta: 04718. Kontar ɗin ruwa: 0352. Mai gida ya gani. Ɗan haya ya gani. Shaida ya gani.

A ƙarƙashi kowa ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa. A yi takarda biyu iri ɗaya. Shaida ya zama mutumin da zai daɗe a unguwar, kamar mai shagon bakin gida ko limamin masallacin unguwa. Abokinka da zai koma ƙauye da faɗuwar damina ba zai amfane ka ba. In kana da salula mai ɗaukar hoto, ɗauki hoton kontar yadda lambobi za su fito sarai. Amma hoto bai isa ba. Salula tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sayar da ita ranar da babu. Kaye yana cikin akwati.

A ranar nan kuma ka roƙi a nuna maka faktir na ƙarshe da rasit ɗin biyanshi. In akwai tsohon bashi, a faɗe shi a fili, a rubuta wanda zai biya. Duba kuma ƴar darmar da kamfani ke ɗaure kontar da ita. In ka tarar an tsinke ta, ko ka ga wata waya ta zagaye kontar ta baya, faɗa ma mai gida nan take, a sanar da kamfani. Satar wuta laifi ne, akwai tara mai nauyi a kanshi. Ranar da masu bincike sunka zo, wanda sunka tarar cikin gidan shi za su fara tambaya.

Faktir na farko

Faktir da Faransanci ake rubuta shi, amma kada wannan ya tsorata ku. Kalmomi uku kawai kuke bukata. Inda anka rubuta “ancien index”, tsohon adadi ke nan, na karatun da ya wuce. Inda anka rubuta “nouvel index”, sabon adadi ke nan. Inda anka rubuta “consommation”, abin da anka sha ke nan, wato sabo a ɗebe tsoho. Ku kwafi kalmomin nan uku a kayenku, ku riƙa neman su da yatsa.

Yanzu mu yi lissafi tare. Mu ɗauka wani tela ya shiga gida ranar 3 ga Maris, kontar yana 04718. Faktir ya zo. Tsohon adadi 04590, an karanta shi ranar 10 ga Fabrairu. Sabon adadi 04749, an karanta shi ranar 10 ga Maris. Abin da anka sha duka kilowat 159. Mai gida ya miƙo ma tela faktir ya ce ya biya.

Tela ya buɗe kayenshi. Nashi shi ne daga 4718 zuwa 4749. A ɗebe 4718 daga 4749, saura 31. Na wanda ya tashi shi ne daga 4590 zuwa 4718. Wannan ɗebewar tana da rance. 0 daga 8, saura 8. 9 daga 1 ba ta yiwuwa, sai ka ranto guda daga 7, ya zama 11. 9 daga 11, saura 2. Ita 7 ta koma 6. 5 daga 6, saura 1. 4 daga 4, babu. Amsa 128.

Wanda rance ke ba shi wuya, ya yi irin lissafin kasuwa, yadda ake ba da canji. Daga 4590 zuwa 4600, goma. Daga 4600 zuwa 4700, ɗari. Daga 4700 zuwa 4718, goma sha takwas. A haɗa, 128. Hanyar dabam, amsar ɗaya. In ka haɗa 128 da 31 ka samu 159, ka san lissafinka ya yi daidai.

Mu ɗauka kuɗin faktir ɗin 15.900 F ne. Na zaɓi wannan adadi don lissafi ya yi sauƙi, ba shi ne farashin kamfani ba. A raba 15.900 gida 159, kowane kilowat ya tashi 100 F. Na tela 3.100 F. Na wanda ya tashi 12.800 F. Ku tuna faktir da tamma yake magana, mu kuwa da dala muke ƙirga. Tamma 5 ita ce dala 1, tamma 1000 ita ce jika. Saboda haka na tela jika uku da dala ashirin ne. Da bai rubuta lambar nan ta ranar 3 ga Maris ba, da ya biya jika goma sha biyar da dala ɗari da tamanin, don zaman kwana bakwai. Ku duba riguna nawa zai ɗinka kafin ya mai da wannan kuɗi.

Kowane wata

Bayan ranar shiga, aikin ba shi da yawa. Ware shafi guda na wuta, shafi guda na ruwa. Ja layuka huɗu daga sama zuwa ƙasa: rana, adadi, bambanci, kuɗin da anka biya. Sau guda a wata ka cika layi guda. Ranar da ta fi kyau ita ce ranar da ma'aikacin kamfani ya zo karanta kontar, don adadinka da nashi su zo ɗaya.

Da rana yake zuwa, lokacin da maigida yake kasuwa ko wurin aiki. Saboda haka, ke uwargida, wannan aiki ya fi kusa da hannunki. In kin ji sallamarshi, bayan ya tafi ki duba kontar ki rubuta. Ga ranar karatun da kinka yi a cibiya.

Wani lokaci ma'aikacin yakan tarar da gida a kulle, bai ga kontar ba. Sai a yi ƙiyasi, a kawo faktir bisa abin da anka saba sha. Wani lokaci kuma ido ko hannu ya kuskure lamba guda, ɗan Adam ne. Ga yadda za ka gane. In faktir ya zo, kai shi gaban kontar. In sabon adadin da ke takarda ya fi wanda kontar ke nunawa yau, akwai kuskure, tunda kontar ba ya komawa baya. Ɗauki faktir da kaye da hoto, ka je ofishin kamfani da wuri, kafin ranar ƙarshe ta biya ta wuce. In sunan mai gida ne a faktir, ku tafi tare ko ya haɗa ka da wakilinshi. Ba a bukatar ɗaga murya. Ka nuna lamba, ka roƙi a aiko a duba. Gani ya kori ji.

Kaye yana kuma hana ka zargin wanda bai yi laifi ba. Faktir na Afrilu da Mayu yakan fi na Disamba nauyi nesa ba kusa ba, don fanka ba ta hutawa, firigo kuma yana aiki dare da rana. In kana da shafin bara, sai ka ga haka ya yi bara ma, ka kwantar da hankalinka.

In kuɗin a hannun mai gida kake ba da shi, ya sa hannu a layin watan cikin kayenka. Lokaci lokaci ka roƙi ganin rasit na kamfani. Ana samun wanda zai karɓi kuɗin wuta wurin ƴan haya ya yi wata hidima da shi, da niyyar zai mayar, har a zo a yanke. In kamfani ya canza kontar, rubuta adadin ƙarshe na tsohon da adadin farko na sabon a rana guda.

Mu komo kan jajayen lambobin ruwa. Su ne ke kama yoyo. Da dare, in kowa ya gama ɗibar ruwa, rufe famfo duka ka rubuta jajayen. Da asuba, kafin kowa ya buɗe, ka sake dubawa. Mu ɗauka ƙarfe 10 na dare sun nuna 647, ƙarfe 6 na safe sun nuna 727. Lita 80 ta tafi cikin awa 8 ba wanda ya sha. A yini da kwana lita 240 ke nan. A kwana 30, lita 7200, wato tano 36. Ƙasa ce ta shanye, kai za ka biya, don bututun da ke bayan kontar ta wajen gida ba na kamfani ba ne. Nuna ma mai gida lambobin biyu, a nemo mai gyara, ku yi magana a kan wanda zai ɗauki kuɗin.

Gidan da kontar guda ne

Nan ne rigima ta fi yawa. Gida guda, ɗaki shida ko takwas, kowane ɗaki da iyalinshi, kontar guda. Wasu gidaje suna raba faktir daidai wa daida bisa ɗakuna. A ganina wannan ba adalci ba ne ga wuta. Ku duba. Ƙwan lantarki irin na yanzu mai wat 10, in yana ci awa 5 kowane dare, a wata kilowat 1 da rabi ya sha. Fanka mai wat 60, in tana juyawa awa 10 kowace rana, a wata kilowat 18 ta sha. Fanka guda ta yi ƙwai goma sha biyu ke nan. To, ina ga mai firigo da ke sayar da ƙanƙara, ko mai guga da ke karɓar kayan mutane? Ta yaya tsohuwa mai ƙwai guda za ta biya daidai da su? Ƙarfin kowane abu yana rubuce a jikinshi, lamba da harafin W. Ku duba ku gani.

Ga wani abu kuma. Farashin wuta da na ruwa hawa hawa ne. Akwai kashin farko mai rahusa, don masu ƙaramin ƙarfi. In an wuce shi, farashi ya hau. In gida takwas sun taru kan kontar guda, nan da nan ake wuce kashin mai rahusa. Sai mai shan kaɗan ya biya da tsada saboda shan wani.

Maganin da ya fi shi ne kowa da kontar ɗinshi daga kamfani. In hakan bai samu ba, wasu masu gidaje suna sa ƙaramin kontar a kowane ɗaki, bayan babban. Kamfani babban kawai ya sani, ƙananan don rabo ne tsakaninku. Mai aikin lantarki da ya san aikinshi ne zai ɗaura su. Sai ku sa rana guda a wata, ranar da anka karanta babban, ku zaga tare ku karanta ƙananan duka.

Misali, babban ya nuna an sha 300. Ƙananan uku sun nuna 120 da 90 da 60. A haɗa, 270. Saura 30, na fitilar tsakar gida da ta zaure da ta makewayi. A raba 30 gida uku, kowa 10. Ya zama 130 da 100 da 70. In faktir 30.000 F ne, na farko ya biya jika 13, na biyu jika 10, na uku jika 7. Ku raba jimlar kuɗin faktir duka, don a ciki akwai haraji da wasu kuɗaɗen da ba na kilowat ba, kowa ya ɗauki rabonshi.

Ruwa kuwa, in famfo guda ne a tsakar gida, rabo bisa yawan mutane ya fi kusa da gaskiya. Mai wankau ko mai sayar da abinci a ƙara mishi kashi. Ko wace hanya kunka zaɓa, ku rubuta ta tun kafin faktir ya zo. In takarda ta riga ta iso, kowa hanyar da za ta rage mishi yake so.

Akwai kuma kontar mai kati, wanda ake biya kafin a sha. Ka sayi wuta, a ba ka lambobi, ka danna su a jikinshi, in ta ƙare ta ɗauke. Shi ba shi da faktir na ƙarshen wata, amma shi ma ana rubuta shi. Ranar shiga ka rubuta kilowat nawa ka tarar a ciki. Ka tambaya a ofis ko akwai wani tsohon bashi a kan lambarshi. In ku da yawa ne a kanshi, ku rubuta wanda ya saya, da ranar, da kuɗin, ku ajiye rasit.

Ranar tashi

Abin da ka yi ranar shiga shi za ka yi ranar fita. Ku tsaya gaban kontar da mai gida da shaida, a rubuta adadi, kowa ya sa hannu. Faktir na ƙarshe zai zo bayan ka tafi, kuma a cikinshi akwai kwanakin wanda ya gaje ka. Da adadin nan za a fidda naka. In ka ba da kuɗin ajiya ranar shiga, wanda ake ce ma kosiyon, daga ciki za a cire abin da ka sha, a ba ka saura. Kada ka miƙa makulli sai an rubuta. In magana ta ƙi ƙarewa tsakaninku, ku je wurin mai unguwa da takardunku. Kayen kuma kada ka yar da shi don ka tashi. Riƙe shi ko da shekara guda, don wani bashin sai an daɗe ake tuno shi.

Ga aikin da za ku yi a cibiya tare da malaminku. Wata mai sayar da fura ta shiga gida, kontar ɗin ruwa yana 0352. Faktir ya zo da tsohon adadi 0338 da sabon adadi 0361. Metir kib nawa anka sha duka? Nawa ne nata, nawa ne na wanda ya tashi? Nata ɗin tano nawa ke nan? Wanda yake da kontar a gidanshi kuma, ya karanta shi yau da dare da gobe da safe, ya kawo lambobin biyu aji. Za mu ba da amsa a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.